Yadda Nake Jagorantar Nazari Kan Bangaskiya da Ayyuka Ba Tare da An Watse Baram-Baram Ba

Ni tela ne, shagona yana Agege a Legas, kusa da layin dogo. Ranar Laraba nakan rufe da wuri, domin ni ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a sashen Hausa na ikilisiyarmu. Ban taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Abin da zan zayyana a nan kunya ce ta koya mini shi, sai kuma fastonmu da 'yan littattafan da yake ara mini.

Karon farko da batun ceto ya faɗo a jadawalinmu, da ƙarfin gwiwata na zo. Na karanta Afisawa 2:8-9, inda Bulus ya ce ta wurin alheri aka cece mu saboda bangaskiya, ba ƙoƙarinmu ba ne, baiwar Allah ce, kada wani ya yi fariya. Na rufe Littafi na ce, "Jama'a, ai magana ta ƙare." Ashe a nan ta fara. Wata Mama 'yar wajen Kafanchan, mai sayar da masa da kunu a bakin tasha, ta ɗaga hannu. A gidan Katolika ta tashi, aure ne ya kawo ta cikinmu. Ta ce, "Malam, a karanta mana Yakubu 2:24." Aka karanta, ga shi ɓaro-ɓaro: ta wurin ayyuka mutum yake barata, wato yake zama mai adalci a gaban Allah, ba ta wurin bangaskiya kaɗai ba. Wani Baba tsohon soja, mutumin Zuru, ya waiwayo ya ce, "Mama, wannan ai koyarwar Fada ce." Ta ce, "Baba, Fada ne ya rubuta Yakubu?"

Daga nan ban sake jin muryata ba. Wannan ya jefo Romawa, wancan ya rama da Matiyu. Baba ya ɗauki hularsa ya fita tun ba a yi addu'ar rufewa ba, Mama kuma ta yi makonni ba mu ga ƙeyarta ba. Laifin nawa ne, domin ni na fara jifa da aya. Tun daga lokacin na sake bi ta kan wannan darasi sau da yawa, kuma ga yadda nake tafiyar da shi yanzu.

Ka fara sanin waɗanda ke zaune a gabanka

A gida kowa yana cocin da ya gada. A Legas kuwa harshe ne ke tara mu. Wanda ya tashi a ECWA a Kaltungo, da ɗan COCIN daga Pankshin, da ɗan EYN daga Michika, da ɗan LCCN, cocin Lutheran, daga Numan, da wanda ya yi ajin baftisma a hannun katekis a Zonkwa, duk benci ɗaya suke, don a nan ne za su ji wa'azi da Hausa ba sai sun hau danfo, motar hayar Legas, har uku ba. Kowannensu da abin da ya sha a nono ya zo.

Saboda haka kafin ka buɗe aya ko ɗaya, bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya: a ina ka tashi, me aka koya maka game da yadda mutum ke samun ceto? Kada ka gyara wa kowa, ko da ka ji abin da ya sa hanjinka ya kaɗa. Rubuta amsoshin a allo kawai. Mutumin da aka saurara da farko ba ya saurin ɗaga murya daga baya, kai kuma ka san inda wuta za ta tashi.

Kada ka yi yunƙurin gamawa a dare ɗaya. Laraba uku nake ba shi. Kusan rabin mutanena masu gadi ne, wasu ƙarfe bakwai za su karɓi aiki a Ogba ko Ikeja, wasu kuma cunkoson hanya ba ya barin su iso sai an yi nisa. Wanda ya tashi a tsakiyar gardama da rabin magana yake tafiya, kuma rabin nan zai yi ta maimaitawa a bakin get har mako ya zagayo.

Dokar aji: ba a karanta aya ita kaɗai

Wannan doka ce na kafa, kuma ni ma tana hawa kaina. Duk wanda ya kawo aya, sai ya karanta ta sama da ita da ta ƙasa da ita, da babbar murya. Da na bi wannan a daren farko da ban sha kunya ba, domin Afisawa 2:10 tana nan manne da ayoyin da na karanta: mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya tanada mu yi. Numfashi ɗaya Bulus ya faɗi duka biyun, ni ne na yanke masa numfashin.

Gwada dokar a wasu wurare ka gani. Mai son ayyuka zai kawo Filibiyawa 2:12, a yi ta aikata ceto da tsoro da rawar jiki. Ka ce ya ci gaba. Aya ta 13 ta ce Allah ne yake aiki a cikinmu, shi ke ba da nufin, shi ke ba da aikatawar. Mai son alheri zai kawo Titus 3:5, ba don ayyukan adalci da muka yi aka cece mu ba, sai don jinƙansa. Shi ma ka ce ya gangara. Aya ta 8 ta ce waɗanda suka gaskata da Allah su himmantu ga kyawawan ayyuka. Ko Yakubu da ake ɗauka ba ruwansa da alheri, a sura ta 1 aya ta 17 da 18 ya riga ya ce kowace kyakkyawar baiwa daga sama take, kuma da nufin kansa Allah ya haife mu ta maganar gaskiya. Bayan an yi haka sau uku ko huɗu, masu jifa da aya da kansu suke fara leƙa gaba kafin su ɗaga hannu. Daren farko ke nan, kada ka ƙara komai a kai.

Wa kowannensu yake yi wa magana?

A nan gizo yake saƙar, kuma a nan nake ɓata yawancin Laraba ta biyu. Bulus da Yakubu suna amfani da kalmomi iri ɗaya, bangaskiya da ayyuka da barata (haka dattawan da suka tashi da tsohon juyi na 1932 suke faɗa, wasu juyin na baya kuma sukan ce kuɓuta), amma ba mutum ɗaya suke fuskanta ba.

Sa a karanta Ayyukan Manzanni sura ta 15. Waɗansu sun gangaro daga Yahudiya zuwa Antakiya suna cewa in ba a yi wa mutum kaciya bisa al'adar Musa ba, ba zai sami ceto ba. Irinsu ne abokan gardamar Bulus a Galatiyawa. Aka kai maganar Urushalima. Bitrus ya miƙe ya ce ta wurin alherin Ubangiji Yesu za a cece mu, kamar yadda su ma za a cece su. To wa ya yanke hukunci cewa kada a matsa wa al'ummai masu juyowa ga Allah? Yakubu ne, wanda tun dā ikilisiya ke danganta wasiƙar nan da shi. Sai ka kai su Galatiyawa 2:9-10. Yakubu da Bitrus da Yahaya suka ba Bulus da Barnaba hannun zumunci, suka roƙe su abu ɗaya tak, su riƙa tunawa da matalauta, Bulus kuma ya ce dama abin da yake ɗokin yi ke nan. Mutanen da muke haɗa su faɗa a Agege sun yi musabaha a Urushalima.

Sai ka juya ga Yakubu sura ta 2 tun daga farkonta. Majami'a ce inda mai zoben zinariya ke samun kujera, matalauci kuma a ce masa tsaya can. Ɗan'uwa ne ba sutura ba abinci, a ce masa sauka lafiya, Allah ya rufa asiri, hannu kuma yana cikin aljihu. Bangaskiyar da Yakubu yake kira matacciya ita ce ta fatar baki, shi ya sa a aya ta 19 ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Bulus bai taɓa cewa irin wannan tana ceto ba. Tasa bangaskiyar, in ji Galatiyawa 5:6, ita ce mai aiki ta wurin ƙauna.

Wani mai gadi a ajinmu, yaro ne ɗan wajen Langtang, shi ya taƙaita mana da harshen sana'arsa. Ya ce, "Malam, ashe Bulus a bakin get yake, yana korar masu karɓar kuɗin shiga. Yakubu kuma sintiri yake a cikin gida, yana tambayar masu cewa su 'yan gida ne." Tun daga ranar nake aron maganarsa.

Hattara ɗaya. Kada ka ce wa aji kaciya da dokokin abinci kaɗai Bulus yake nufi da ayyuka. Wannan ya sauƙaƙa abin fiye da kima. A Titus 3:5 da Romawa 4 ya haɗa har da ayyukan kirki na gaske. In ka ɓoye wannan, wani mai karatu zai kama ka.

Ɗauki alli ka rubuta shekarun Ibrahim

Dukansu biyu da Ibrahim suka kafa hujja, kuma dukansu sun ɗauko Farawa 15:6, Ibrahim ya gaskata Allah, aka lasafta masa wannan adalci. Ba abin da ke kwantar da aji kamar a ga lissafin a allo. Yana da shekara 75 ya bar Haran (Farawa 12:4). Yana da 86 aka haifi Isma'ilu (16:16). Yana da 99 aka yi masa kaciya (17:24). Yana da 100 aka haifi Ishaku (21:5). Sura ta 15 kuwa ta riga haihuwar Isma'ilu. Ke nan an lasafta masa adalci shekara 13 ko fiye kafin wuƙa ta taɓa shi, kuma wannan ita ce hujjar Bulus a Romawa 4:10.

Yakubu kuma sura ta 22 ya nufa, ranar da Ibrahim ya ɗora Ishaku a bagade, lokacin da yaron ya isa ɗaukar itace ya hau dutse. Ja layi daga 15 zuwa 22 ka bar su su dubi tazarar. Yakubu 2:22-23 ya ce bangaskiyarsa ta yi aiki tare da ayyukansa, ta wurinsu ta kammala, Nassin nan na sura ta 15 kuma ya cika. Sai ka tambaya: a cikin shekarun nan na tsakani, Ibrahim karɓaɓɓe ne a gun Allah ko kuwa yana jiran sakamako? Sannan ka tambaya: da ya ƙi hawa dutsen, me za mu ce game da gaskatawar da ya yi? Kada ka ba da amsa. Baban nan na Zuru, da ya dawo, shi ya amsa ta biyun, kuma amsar Mama ya bayar bai sani ba.

Albashi da kyauta

Romawa 4:4 ta ce ladan ma'aikaci ba kyauta ba ne, hakkinsa ne. Mutanen da ke jiran ƙarshen wata ba sa bukatar sharhi a kan wannan. Amma kalmar kyauta tana da tarko a Legas. Na taɓa tambaya wa ya sami kyauta a bara, wani ya ce ogansa ya ba shi shinkafa da kaza a Kirsimeti. Na ce, da an kama ka kana barci a bakin aiki a watan Nuwamba, za ka ga kazar? Aka fashe da dariya. Albashi ne ya sa rigar kyauta. Da yawa daga cikinmu haka muke ɗaukar alherin Allah: kyauta ce, amma ta yaran kirki.

Sai wani ya ba da labarin zuwansa Legas. Kwana biyu ya yi a tasha, an sace masa jaka, lambar ɗan'uwansa kuma tana cikinta. Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da abinci ta lura da shi, ta zuba masa ba ta tambayi sunansa ba. Ya ce har yau in ya bi ta wurin sai ya ɗebo mata ruwa ya ɗaga mata tukwane. Na ce, biyan kuɗin abincin kake yi? Ya ɓata rai ya ce, "Haba Malam, ai zagi ne in ce biya nake." Nemi irin wannan labari daga bakin mutanenka. Ya fi duk misalin da za ka ƙirƙiro.

Daga nan ka kawo nassoshi masu nauyi na kowane gefe, kada ka ɓoye ko ɗaya. Ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23, hannuwansa a kafe, ba baikon coci ba azumi, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20, wanda ya yi awa ɗaya da wanda ya sha rana duk dinari ɗaya, labarin da ke ɓata wa leburorinmu rai duk lokacin da aka karanta, domin sun san zaman bakin titi da shebur ana jiran mai ɗauka. Sannan Matiyu 25:31-46, tumaki da awaki, inda hukuncin ya tsaya a kan abinci da ruwa da sutura da ziyarar kurkuku. Wannan nassi ba ya lanƙwasuwa, kada ka gwada. Abin da kawai nake nuna musu shi ne mamakin tumakin: Ubangiji, yaushe muka gan ka? Wanda ke rubuta ladansa a littafi ba zai yi wannan tambayar ba.

Tarihin, amma da adalci

Laraba ta uku nake ba da tarihi, kuma gajere. Gardamar ta girmi kakanninmu. A farkon ƙarni na biyar wani malami mai suna Pelagiyus ya koyar cewa mutum yana da ikon bin umarnin Allah da nufinsa. Wanda ya tsaya masa ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, kuma taron Carthage na shekarar 418 ya yi watsi da koyarwar Pelagiyus. Ka jaddada wannan, domin Katolika da Furotesta duk suna girmama Agustin.

Sai 1517. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, wani kaso na kuɗin kuma na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma. Martin Luther, malamin Littafi a Wittenberg, ya fitar da batutuwa 95 a ranar 31 ga Oktoba yana ƙalubalantar cinikin. A 1521 aka fitar da shi daga ikilisiyar Roma. A 1522 ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci, kuma a Romawa 3:28 ya sa kalmar "kaɗai" bayan bangaskiya, alhali babu ita a Helenanci. Ya kare kansa cewa ma'anar ke nan kuma haka Jamusanci ke bukata. A gabatarwar wannan bugu ya kira Yakubu wasiƙar ciyawa in an gwada ta da su Romawa, ko da yake bai cire ta ba, ya dai tura ta can ƙarshe. Ni ɗan Furotesta ne, amma ina faɗin wannan a aji, har in ƙara da cewa wuri ɗaya da kalmomin "bangaskiya kaɗai" suka zo tare a Sabon Alkawari shi ne Yakubu 2:24, kuma da "ba" suka zo. In kai ba ka faɗa ba, Mama za ta faɗa.

Roma ta amsa a babban taron bishop-bishop na birnin Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563. A watan Janairu na 1547 taron ya fitar da matsayarsa kan barata. Abin da yawancin mutanenmu ba su taɓa ji ba shi ne hukuncinsa na farko: la'ana ce a kan duk mai cewa mutum zai barata da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba. Don haka duk wanda ya ce 'yan Katolika sun yarda mutum yana ceton kansa, ƙazafi ya yi musu, kuma kada ka bari a yi shi a ajinka. A 1567 Fafaroma Pius na 5 ya soke duk takardun sassaucin da ke haɗe da biyan kuɗi.

Amma kada ka share bambancin don a zauna lafiya. Yana nan. A wurin Furotesta, barata hukunci ne da Allah ya yanke saboda adalcin Almasihu, tsarkakewar rayuwa kuma 'ya'yanta ne masu biyo baya. A wurin Trent, barata ta haɗa har da sabunta mutum a ciki, tana ƙaruwa ta wurin ayyukan da alheri ya haifar, kuma waɗannan ayyuka suna da lada na gaske. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa, cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓar mu, Ruhu Mai Tsarki kuma yana kiran mu ga kyawawan ayyuka. Methodist na duniya suka shiga a 2006. Ba kowace ikilisiya ce ta amince da sanarwar ba, wannan ma ka faɗa. 'Yan Numan da ke ajinmu sukan gyara zama in na ambaci cewa babban bishop ɗinsu, Musa Panti Filibus, shi aka zaɓa shugaban wannan tarayya ta Lutheran a 2017.

Kawo ta gida

In ka tsaya a Jamus, ka ɓata darenka. Tetzel bai mutu ba, ya dai canza kaya. Duk wanda ya zauna a Legas ya ji inda ake cewa shuka iri na kuɗi kaza ƙofarka ta buɗe, ko kuwa wanda bai ba da zakka ba ya rufe wa kansa sama. Kada ka ambaci sunan coci ko na fasto, ba shi ne aikin ajin ba. Tambaya kawai: baikon da ka sa ranar Lahadi, godiya ce ko kuɗin shiga? A ɗaya gefen kuma akwai mai cewa an riga an cece ni, alhali bashin ɗan'uwa yana wuyansa shekara biyu, mudunsa kuma a lotse. A nan nakan fara da kaina, domin alkawarin tela sananne ne. Sau nawa na ce wa mai kaya gobe, na san ko yankawa ban yi ba? In jagora ya fara tona kansa, sauran ba sa jin ana nuna su da yatsa.

Abu ɗaya kuma da ya shafe mu masu Hausa. Kalmominmu na tarayya ne da maƙwabtanmu Musulmi: lada, ceto, alheri, rahama, tuba. Ba kullum ma'anarsu ke zama ɗaya ba. Ceto a bakin maƙwabcina na shago yakan nufi roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar ƙiyama, a bakina kuma abin da aka gama a kan gicciye. Wani a aji zai ce su ai da ayyuka suke neman aljanna. Tsayar da shi. Maƙwabcin nan nawa, wanda muke raba kuɗin man janareta da shi, shi ya karanta mini hadisin da ya ce ba wanda aikinsa zai shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah. Bambancinmu da su na gaske ne, a kan Almasihu da gicciye yake, ba sai an ɗora musu abin da ba su faɗa ba.

Tambayoyi biyu za su zo, ka shirya musu. Ta farko: wanda aka cece shi zai iya rasa ceton? Ikilisiyoyin da ke kan bencinka sun rabu a kan wannan, darasi ne mai zaman kansa, ka sa masa wata rana. Ta biyu ba ta tauhidi ba ce ko da ta yi kama da ita. Wata za ta ce, mutumin da ya yi baftisma amma giya ta rinjaye shi har ya mutu fa? Dubi fuskarta. Mijinta take nufi, ko ɗanta. Kada ka bar aji ya yi gardama a kan kabarinsa. Ka ce, "Mama, za mu zauna da Fasto bayan an tashi," kuma ku zauna ɗin.

A zagayen da muka yi na baya, daren ƙarshe ya zo daidai da wata matsala. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ciki har da Ikeja, 'yan'uwanmu masu babur a ɗar-ɗar suke, kuma a makon an ƙwace na wani ɗan ajinmu, ga mata da jariri. Muna gama karanta Yakubu 2:15-16 Baban Zuru ya cire hularsa, wadda ya taɓa ɗauka ya fita da ita, ya juya bakinta sama ya sa hannu a aljihu, ya miƙa wa na kusa da shi. An ɗauke wuta, da fitilar waya aka ƙirga kuɗin. Mama ta ce kunu da masa na gidan suna wuyanta har ya sami abin yi.

Muna fita, yaron nan na Langtang ya biyo ni da sauri, yana duba agogo don ya makara. Ya ce, "Malam, tsakani da Allah, kuɗin nan da na sa, da lada ko babu?" Na ce ya karanta Matiyu 6:1-4 da 1 Korantiyawa 3:10-15 a bakin get, ya zo mini da amsa ranar Laraba. Ya ce fitilar wurin ta mutu tun shekaranjiya. Na ba shi tocilan ɗin shago.